Matar Da Ba Ta Taɓa Laulayi Ba

Shekara talatin da huɗu Helvi Rautio tana ba da labari guda, kuma ba ta taɓa ganin ya tsufa ba. Duk Lahadi in an tashi daga coci an sauka ɗakin ƙasa shan gahawa, sai ta jira a ambaci wata mai ciki, ko da a talabijin aka gan ta, ta ajiye kofi ta gyara zama. Ita dai da take da cikin 'yarta Kaisa ko sau ɗaya ba ta yi amai ba. Ba ta san wani abu wai shi laulayi ba. Ranar da za ta haihu ma sai da ta faskara itacen sati guda, ta share ƙanƙarar ƙofar gida, sannan ta ce wa mijinta, marigayi Reino, ya tayar da mota. Matan garinmu Rantala sun haddace labarin har sun san inda take tsayawa ta kurɓi gahawa. Babu wadda ta taɓa katse ta, domin mu nan bakin tafkin Superior ba ma katse mutum, ba ma kuma tambayarsa abin da bai faɗa da bakinsa ba. Kakanninmu da suka zo daga Finland gatari suka taho da shi, da ɗakin sirace inda ake wanka da tururi, da wannan shirun, kuma a cikin ukun shirun ne ya fi ƙarko.

Da labarin nan ta ƙwanƙwashi kan 'yan mata ba adadi. Yarinya ta ce warin albasa na tayar mata da zuciya, Helvi ta taɓe baki ta ce 'yan zamani ke nan, a kan katifa aka haife su, a kan katifa za su ƙare. Kada dai a yi mata ƙarya, ba muguwa ba ce. Ita ce ta farkon kai abinci gidan rasuwa, ita ce ta ƙarshen fita bayan an wanke kwanuka. Amma in ta buɗe bakin nan, haƙoran robarta suka fara ƙas-ƙas, gara ka nemi hanyar fita. Haƙoran ma suna da nasu labarin: ta ce santsin ƙanƙara ne ya kwashe ta tun tana matashiya, ya tafi da na asalin.

Kaisa ita kaɗai Allah ya ba ta. Malamar firamare ce, tana auren Curtis Lahti, direban motar hukuma mai ture ƙanƙara daga kan hanya, shekara shida ba haihuwa. Gidansu na tsallaken titi, daidai tagar kicin ɗin Helvi. Lahadin farko a Janairu aka miƙa wa Kaisa gahawa, ta ce a ba ta ruwa. Helvi ko kai ba ta ɗaga ba. Da ta koma gida ta ɗauki fensir ta tsaya gaban kalanda, ta ƙirga baya, ta ƙirga gaba, ta sauka a Satumba. Ta zauna a kujerar Reino ta yi kukan daɗi na minti biyu, ta tashi ta wanke fuska.

Sai dai al'ada tana nan. Mace ba ta faɗin ciki sai ya cika sati goma sha biyu, uwa kuma ba ta tambaya. Ranar da ya cika, 'yar za ta shigo kicin kamar ba komai, maimakon ta ce Ma sai ta ce Mummu, wato kaka, shi ke nan an sanar. Don haka Helvi ta ɗaure ta zauna jira, da madubin hangen nesan da Reino yake farautar barewa da shi a gefen tagar. Ta ce tsuntsaye take kallo. A watan Janairu, a ƙasar da ko hankaka sai ya yi tunani kafin ya fito.

Madubin ya nuna mata Kaisa ta daina zuwa makaranta. Ya nuna mata kwalaye ana saukewa a ƙofa, ya nuna mata motar Paulette, nas ɗin da take bin gidaje, duk ranar Talata. Abin da bai nuna mata ba shi ne abin da ke ƙarƙashin hannun riga. Laulayin Kaisa ba irin na tsami da kwaɗayi ba ne. Amai take yi sau ashirin a wuni, ko ruwa ba ya zama, har yawun bakinta gaba yake da ita. Sau biyu aka kai ta asibiti ƙarin ruwa, har jijiyoyin hannunta suka gaji da allura suka ɓuya. Daga nan likitoci suka zura mata wata siririyar roba ta damtse, ta bi jijiya har kusa da zuciya, don ta riƙa ƙarin ruwa a gida kullum. Suka rufe bakin wurin da filasta, suka kafa doka ɗaya da babbar murya: kada ruwa ya taɓa shi.

Helvi ba ta tambayi Curtis komai ba. Ta dai tare shi a bakin akwatin wasiƙu ta ce ba ta ga Kaisa a coci ba. Curtis mutum ne da in zai yi ƙarya kunnuwansa suke fara amsa laifi. Ya dubi takalminsa ya ce ciwon ciki ne yake yawo a gari. Helvi ta ce lallai wannan ciwon ba ya son yawo, tunda sati biyar ke nan yana gida ɗaya. Ya ce ƙanƙara za ta sauka da yamma, ya shige mota.

Tunda baki ya ƙi, sai ta koma tukunya. Kullum da rana ta dafa romon kifi da madara da dankali da albasa, irin wanda uwarta ta ce yana tayar da gawa, ta ɗauka da zafinsa ta tsallaka titi. Tana buɗe murfi Kaisa za ta ce tana zuwa, ta shige banɗaki ta kunna famfo don kada a ji. Helvi ta zauna a kicin tana sauraron famfon, ta ce a ranta yarinyar nan da tsafta. Curtis ne yake shanye romon a gareji, a tsaye, ƙofa a rufe. Kafin tsakiyar Fabrairu matar ta zama ƙashi da fata, mijin kuwa ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu.

Verna Heikkinen ce ta tunzura ta. Verna ƙawarta ce tun aji ɗaya, abokiyar gabarta tun aji biyu. Wata Lahadi tana yanka burodin nisu, mai zaƙin nan na mutanen Finland, ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, ashe ba kowace 'ya ce take ɗauko uwarta ba. Helvi ta ce mura ce ke damun Kaisa. Verna ta ce Allah ya sawwaƙe, irin wannan murar takan kai wata tara. Helvi ta koma gida tana huci, amma a ƙasan hucin tsoro ne, domin ta ga wuyan 'yarta ranar Juma'a, kuma ta san irin wuyan nan. Ta ƙudura sai yarinyar ta yi magana, kuma a duk Rantala wuri ɗaya ne mata suke magana.

Ranar Asabar ta hura ɗakin siracen da ke bakin tafki tun da hantsi, ta buga waya ta ce kalma uku: “Na hura wuta.” A wurinmu an yi mutumin da ya ƙi zuwa ɗaurin auren ƙaninsa, amma ba a yi wanda ya ƙi sirace bayan an ƙona itace dominsa ba. Kaisa ta zo tana dafa bango. Da suka tuɓe a zaure, sai ga damtsenta na dama naɗe cikin ledar burodi, an ɗaure sama da ƙasa da salatif ɗin nan mai ruwan toka da Curtis yake liƙe bututu da shi. Sunan kamfanin burodin ma yana nan ɓaro-ɓaro. Kaisa ta ce murhu ne ya ƙone ta. Helvi ta ce murhun zamani ba shi da amana.

Kaisa ta zauna a bencin ƙasa, Helvi ta haye na sama da ludayi a hannu. Ta watsa ruwa a kan duwatsu, tururi ya tashi, ta jira. Ta ƙara ludayi. Suka yi maganar ƙanƙarar da ta taru a kan rufin coci. Ta ƙara wani. Suka yi maganar karen maƙwabci. A ludayi na biyar Kaisa ta sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Ma, lokacin da kike da cikina, yaya kika ji?”

Ga ƙofar magana an buɗe mata har bango. Helvi ta buɗe baki da niyyar faɗin wani abu dabam, sai bakin ya kama hanyar da ya saba shekara talatin da huɗu, kamar dokin da ya san gida. Ta ji kanta tana cewa ko sau ɗaya ba ta yi amai ba. Ta ji itacen sati guda ya fito, ta ji Reino ya tayar da mota. Har wurin kurɓar gahawa sai da ta tsaya, alhali ba gahawa.

Kaisa ta ce, “Haka ne, Ma. Na manta.”

Ta tashi ta fita zaure. Helvi ta ga ledar burodin ta kumbura da ruwa, yana kai da komo a ciki, ta kawar da kai don kada ta shiga abin da ba a sa ta ba. Ta zauna ita kaɗai cikin tururi tana jin haushin kanta, irin haushin da ba ka da wanda za ka sauke wa.

Sauran ɓarnar cikin ladabi aka yi ta. Da Kaisa da Curtis suka kwance ledar a gida, filastar ta jiƙe ta ɗago ta gefe ɗaya. Takardar asibiti ta ce a kira nas nan take, amma ranar Asabar ce, Paulette na da yara uku, Curtis kuwa ba zai tayar da baiwar Allah daga hutunta a kan abin da salatif zai gyara ba. Ya busar da wurin da na'urar busar da gashi, ya manna salatif shimfiɗa uku, ya ja da baya ya yaba aikinsa. Ranar Talata ƙanƙara ta rufe hanya, Paulette ta kasa zuwa, ta kira ta waya ta tambayi jiki. Kaisa ta ce ba laifi. Duk wanda aka haifa a nan haka yake cewa, ko da gatari ne a ƙafarsa.

Ranar Alhamis da safe madubin ya nuna labulen ɗakin Kaisa a rufe har ƙarfe goma. Curtis ya fita tun asuba da motar hukuma. Helvi ta naɗe burodin nisu a tawul don ta samu dalili, ta ratsa ƙanƙara har gwiwa, ta tura ƙofa. Kaisa na kwance a doguwar kujerar falo cikin bargo uku, haƙoranta na kaɗawa har ana ji daga bakin ƙofa. A saman kanta, a jikin ƙahon barewar da Curtis ya kafe a bango, ledar ƙarin ruwa ce a rataye, robar ta sauko ta shige hannun rigarta. Helvi ta dubi silin, ta dubi dardumar ƙasa, ta dubi agogo.

“Ƙanƙara ta sauka,” in ji ta.

“Ta sauka, Ma.”

“An ce za a ƙara.”

“Haka na ji.”

Da haka za su yi ta yi har bazara, in da Kaisa ba ta juyo ta dube ta da wasu idanu masu ƙyalli ba, ta ce a gaya wa Pa ya rufe ƙofa, iska na shigowa. Uban nata Reino kuwa shekararsa bakwai a ƙasa.

Helvi ta ajiye burodin. Abin kunya, tunanin da ya fara zuwa mata shi ne ta je ta hura ɗakin sirace, don da shi aka san maganin zazzaɓi tun kaka da kakanni, har ta kai hannu kan safar hannunta. Sai ta ajiye safar, ta durƙusa, ta yi abin da ba ta taɓa yi wa wani baligi ba a rayuwarta: ta kama hannun rigar 'yarta ta janye sama ba tare da an ce mata bismilla ba. Damtsen ya kumbura ya yi jawur, zafinsa kamar gindin tukunya, ruwa-ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin salatif. Ta tashi ta nufi kicin neman waya, ta ci karo da takardar asibiti manne a ƙofar firji, wadda ta yi sati uku tana kauce wa karantawa. Manyan baƙaƙe ne: in an ga zazzaɓi ko rawar sanyi, a taho asibiti a take, kada a jira.

Masu motar asibiti suka ce sai an buɗe hanya. Helvi ta kira Curtis ta ce ya juyo da motar ture ƙanƙara zuwa ƙofar gidansa yanzu-yanzu.

“Helvi, motar ta hukuma ce, ina kan aiki.”

“To hukumar ta ba ka wata matar in wannan ta mutu.”

Cikin minti tara ya iso. Suka naɗe Kaisa da barguna suka sa ta a gaban a-kori-kurar Reino da bokiti a cinya, Curtis ya shiga gaba yana ture ƙanƙara, Helvi na biye. Mil arba'in ne zuwa asibiti. Matar da ba ta taɓa wuce keke ba sai ta ba shi haƙuri, ranar nan ta kwanta a kan hon tun daga Rantala, tana zagin surukinta ta gilashi da kalmomin da ita kanta ba ta san tana da su ba. Tsakanin zagi da zagi tana kiran sunan Kaisa don kada ta yi barci, tana roƙon Allah da abin da ya zo bakinta.

A asibiti wata matashiyar likita, Dakta Beaudoin, ta tare su. Ta tambayi cikin sati nawa ne. Kaisa ba ta san inda take ba. Curtis ya fara lanƙwasa yatsu yana cewa wata biyu ne ko uku, in an haɗa da Kirsimeti. Daga bayansu Helvi ta ce sati goma da kwana huɗu. Kowa ya juyo. Da aka ɗora na'urar hoton ciki daga baya ta ce goma da kwana biyar, Helvi ta ce na'urar ce take gaggawa.

Likitar ta yanke salatif da almakashi, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambayi yadda aka yi wurin ya jiƙe. Curtis ya ce shi ya manna. Helvi ta ce ita ta hura wutar. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta rubuta kawai, kuma da ta yi faɗan da ya fi musu sauƙi. Ta gaya musu ƙwayoyin cuta sun bi robar sun shiga jini, da an ƙara rabin wuni da uwar da abin da ke cikinta duka za a rasa, yanzun ma ba ta yi alkawari ba. Aka zare robar, aka shiga da Kaisa ɗakin masu jin jiki, aka ɗaura mata magani ta ɗaya hannun. Kwana biyu Helvi na zaune a kujerar roba da jakarta a cinya, ba ta ba kowa labarin komai ba. Tsoro ta ji, tsantsarsa, da sanin cewa da hannunta ta zuba ludayi biyar ɗin nan.

Ranar Asabar zazzaɓin ya sauka. Aka sake ɗora na'ura, ɗakin ya cika da bugun 'yar ƙaramar zuciya mai sauri. Curtis ya fita waje ya ce zai duba tayar mota, ya dawo da jajayen idanu.

Sai kuma ranar Lahadi rigima ta tashi daga inda ba a zata ba. Kaisa ta farfaɗo sosai, kuma hankalinta na dawowa taurin kanta ya biyo shi. Dakta Beaudoin ta ce sai ta ƙara aƙalla sati guda ana ba ta maganin ta jijiya, in aka yanke shi yanzu cutar za ta dawo da ƙarfinta, ga amai bai tsaya ba balle a ce ta sha ƙwaya. Kaisa ta ce ta gode, gida za ta. Ta zauna a bakin gado da rigar asibiti tana laluben takalmi da ƙafa, tana layi kamar kazar da aka jiƙa. Likita ta yi bayani, Curtis ya yi magiya, ta ce a kawo takardar da ake sa hannu. Ana cikin haka Verna ta shigo daga coci da kwano a hannu, ta ga abin da ake ciki, ta samu kusurwa ta tsaya, don Verna ba ta barin wurin da ake abu.

“Mutum biyar na hidima a kaina saboda ciki,” in ji Kaisa. “Ciki fa, ba hatsarin mota ba. Ma ta yi nata a tsaye da gatari a hannu. Ni na kasa riƙe kofin ruwa. Na gaji da jin kunya, gara in je in yi ta a gida inda ba mai gani.”

Helvi ta dubi 'yarta, ta dubi Verna a kusurwa, ta san duk abin da aka faɗa a ɗakin nan kafin Laraba ya kai bakin iyakar jihar Wisconsin. Ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta sa yatsu biyu a baki, ta zaro haƙoran roba, ta ɗora su a kan teburin gado kusa da kofin ruwa. Fuskarta ta lotsa, ta koma tsohuwa a take.

“Ba ƙanƙara ba ce,” ta ce, maganar na fita da iska. “Amai ne ya cinye su. Wata huɗu na yi a zauren ɗakin sirace da bokiti, ina ɓuya kada uwar Reino ta gani ta ce ya auro raguwa. Ruwa ma ba ya zama. Na yi rarrafe, na roƙi Allah ya ɗauke ni, wata rana har ke na roƙa ya ɗauke, kuma ban taɓa yafe wa kaina wannan ba. Itacen kuwa ubanki ne ya faskara. Ni dai na riƙe gatarin da na ji motar uwarsa ta taho. Irin nawa kika ɗauko, Kaisa, sak. Na gane tun daga wuyanki, na kuma bar ki kina kunna famfo. Ki koma ki kwanta.”

Kaisa na kallon haƙoran, haƙoran na kallonta. A hankali Dakta Beaudoin ta ce ciwon yakan bi jini daga uwa zuwa 'ya, da sun san haka tun farko da ya taimaka. Helvi ta juya wajen Verna, ta ɗaga haɓa, ta ce ta je ta faɗa, ta ba ta kyauta.

Verna ta gyara riƙon kwanonta. “In faɗa wa wa? Ai mun sani, Helvi. Da rani ne fa, tagogi a buɗe, ɗakin siracenku kuma a bakin ruwa. Har tsallaken tafki ana jin ki. Wa kike zaton yake ajiye miki biskit mai gishiri a bakin ƙofa kullum da safe?”

“Reino ne.”

“Reino bai san hanyar kanti ba. Ni ce ranar Litinin da Alhamis. Sauran kwanakin uwarsa ce.”

Helvi ta nemi kujera ta zauna. Da ƙyar ta tambaya, shekara talatin da huɗu suna zaune suna jin ta tana faskara itace, ba wadda ta ce uffan? Verna ta ce to ai ba ta tambaye su ba, su ma ba su tambaye ta ba, kuma gaskiya labarin yana tafiya da gahawa.

Kaisa ce ta fara dariya. Ta yi ta har hawaye suka zubo, daga nan ba a san ko dariyar ce ko kuka ba, ta janye ƙafafunta daga kan takalmi ta mayar da su cikin bargo, ta miƙa wa nas hannun hagu a mayar da maganin. Dariyar kuwa ta taɓo inda ba a taɓawa, fuskarta ta canza, ta dafe ƙirji ta miƙa ɗaya hannun wajen uwarta.

“Mummu, miƙo min bokitin nan.”

Saura sati guda cif a cika sha biyun, Helvi ta san haka fiye da na'ura, har ta buɗe baki za ta ce lokaci bai yi ba. Ba haƙora, ba kuma murya. Ta tara bokitin da hannu ɗaya, da ɗayan ta tattare gashin 'yarta baya, kamar yadda ta yi wata huɗu tana fata wani ya yi mata.